Tsofaffin Motoci a Bakin Gadar Malanville

Riƙon tsohuwar mota da raya ta tsawon rayuwa sha'awa ce da ta samu tsari da ƙa'idoji a Turai da Amurka. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, wadda aka kafa a 1966, ta gindaya sharuɗɗa kafin a kira mota ta tarihi: ta kai shekara 30 da ƙerawa, a adana ta a kamanninta na asali, kuma kada ta zama abin hawan yau da kullum. A Faransa hukuma na ba irin wannan mota takardar rajista ta musamman. A birnin Paris ana baje kolinsu a bikin Rétromobile tun 1976, kamfanin Peugeot kuma ya buɗe gidan tarihin motocinsa a Sochaux a 1988. Sharaɗin nan na ƙarshe, na hana mota aikin kullum, shi ne ya raba wancan tsari da abin da aka daɗe ana yi a Malanville, garin kan iyaka da ke arewacin Jamhuriyar Benin. A nan motoci sun tsufa ne a bakin aiki, ɗauke da fasinja da buhunan albasa, kuma hannuwan da suka raya su shekara talatin ko fiye neman abinci ne ya fara kai su ga ƙarfe. Sana'a ce ta kafa ilimin, sha'awa ta biyo baya.

Malanville na gaɓar Kogin Kwara ta kudu, a jihar Alibori, tana kallon Gaya ta Jamhuriyar Nijar a tsallake. An raɗa mata sunan ne don tunawa da Henri Malan, ɗaya daga cikin gwamnonin Faransa a Dahomey, wato Benin ta yau. Dendawa ne suka fi yawa, tare da Fulani da Zabarmawa da Hausawa, kuma kasuwarta na cikin mafi girma a ƙasar, mahaɗar fatake daga Benin da Nijar da Najeriya, domin Kamba ta jihar Kebbi ba ta da nisa da Gaya. Daga Kwatano zuwa Malanville tafiyar sama da kilomita 700 ce. Layin dogo ne ya ɗaure garin da mota. Faransawa sun shimfiɗa shi daga Kwatano, ya iso Parakou a 1936, ya tsaya nan, bai ƙara gaba ba har yau. Ragowar kilomita 300 da 'yan kai zuwa bakin kogi, ta Kandi, sai a kan taya. Duk abin da Nijar za ta shigo da shi ta tashar jiragen ruwan Kwatano, da duk abin da za ta fitar ta can, a da dole ne ya ratsa Malanville cikin mota.

A tsakiyar shekarun 1950 hukumar mulkin mallaka ta ƙaddamar da shirin da ta kira Hirondelle, don karkato da gyaɗar ƙasar Maraɗi daga hanyar Kano zuwa hanyar Dahomey. Manyan motoci su kai gyaɗar Parakou, jirgin ƙasa ya ƙarasa da ita bakin teku, motocin su komo arewa da kayan da aka sauke daga jiragen ruwa. Zuwa ƙarshen shekarun aka gama gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, aka huta da jiran jirgin fito. A 1959 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa da sufuri, wadda daga baya aka sani da OCBN. Da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, gangunansa ma ta wannan gada suka riƙa bi. Gingimarin wancan zamani Berliet ce ta Faransa. An narkar da kamfanin cikin Renault a 1978, sunan ya ɓace daga sababbin motoci, amma tsofaffin sun ci gaba da jan kaya a wannan hanya shekaru masu yawa bayan haka. Garin da manyan motoci ke kwana a cikinsa suna jiran duwan, wato kwastan, ba ya rasa makanikai da masu faci da masu walda da masu sayar da baƙin mai. Ta haka gareji ya shiga sahun manyan sana'o'in Malanville.

Cikin ƙananan motoci, Peugeot ce ta mamaye hanya, wadda direbobi ke kira Fijo. An fara da 403 da ta fito a 1955, sai 404 a 1960, wadda a-kori-kurarta mai rumfar tamfol ta zama motar ƙauye da ranar kasuwa, sannan 504 a 1968. Masu tseren motoci sun gwada ƙarfinsu a ƙasar Afirka: 404 ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka sau huɗu tsakanin 1963 da 1968, 504 kuma ta ci ta a 1975, shekarar da ta haɗa da gasar Bandama ta Kwaddibuwa. Direban tasha dai ba labarin gasa ya kai shi ga Fijo ba. Ya ga yadda take haɗiye gargada, ya kuma ga duk inda ta tsaya masa akwai wanda ya san kanta.

Dalilan suna cikin ƙirar motar, kuma su ne suka sa gyaranta ya yiwu a gindin darbejiya ba tare da manyan na'urori ba. Injin 504 na fetur mai silinda huɗu ne, na farko lita 1.8, daga baya lita 2, gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe, kansa na alminiyom. Ramukan da fistin ke kai-komo a ciki ba a jikin injin aka fafe su ba, bututun ƙarfe ne da ake zarewa a sa sababbi. Saboda haka injin da ya fara shan mai yana hayaƙi ba sai an ɗauke shi zuwa birni ba. A sayo saitin bututu da fistin da zobba, makanike ya sauke injin, ya ɗaure shi, ya tashi kusan sabo, kuma ana iya yi wa inji guda haka sau da yawa. Kafireto ne ke ba shi mai, abin da ake kwancewa a wanke, a hura, a mayar. Wutar fulogi kuwa da sukundireba da kunne ake daidaita ta. Tayoyin baya ne ke tura motar, kuma sandar da ke kai musu ƙarfi tana cikin rufaffen bututu, yashi da tsakuwa ba su kai gare ta. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa, sifirin ɗinta na da tsawon zango, shi ya sa rami ba ya girgiza ta kamar sauran motoci. Doguwar, mai kujeru jeri uku, da ta fito a 1971, an ɗora bayanta a kan sifirin huɗu, biyu kowane gefe, saboda lodi. Akwai kuma mai injin gas na Indenor, wadda ba ta da gudu amma tana da tsimin mai.

Doguwar nan ce ta zama motar haya tsakanin Malanville da Kandi da Parakou, da tsakanin Gaya da Doso da Yamai. Faransawa sun ƙera ta don iyali mai mutum bakwai ko takwas, tasha ta mayar da ita mai tara, ban da yara da abin da aka ɗaure a kan keriya. Direba kan riƙe mota guda shekara ashirin, ya san tarinta da kukanta kamar yadda mai doki ya san dokinsa. Da ita yake gina gida, da ita yake aurar da 'ya'ya. Daga irin wannan zama na tsawon lokaci ne ƙaunar tsohuwar mota ta tsiro a yankin, tun kafin kowa ya ji labarin masu tara motoci na Turai.

Kaɗan ne daga cikin motocin suka zo sababbi daga dillalan Kwatano da Yamai, galibi na gwamnati da manyan 'yan kasuwa. Da yawa sun ƙetaro daga Najeriya, inda masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975. Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, sitiyarinta ya zama gefe ɗaya da na maƙwabtanta, mota da kayan gyaranta suka riƙa ƙetare iyaka ba tare da an sauya musu komai ba. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a 1976, gwamnatin Obasanjo ta mayar da 504 motar manyan jami'ai, abin da ya ƙara mata martaba har a ƙasashen maƙwabta. Sannan akwai hanyar Sahara. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai kan sayi tsohuwar 404 ko 504 da araha, su haye Bahar Rum, su bi Aljeriya ta Tamanrasset, su shigo Nijar ta Assamaka da Arlit da Agadas, su sayar da motar su biya kuɗin jirgin komawa gida. Wanda ciniki bai faɗa masa a Nijar ba yakan gangaro ta Gaya, ya haye gada ya nufi Parakou ko Kwatano. Tawayen Abzinawa da rikicin Aljeriya na farkon shekarun 1990 suka toshe wannan hanya. Faransa ta daina ƙera 504 mai ƙofa huɗu a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000, ta yadda motar da aka zana a shekarun 1960 ana iya sayenta sabuwa fil kusan shekara arba'in bayan haka. An ƙera sama da miliyan uku a duniya. Wannan yawa ne ya sa kayan gyaranta suka wadata a kowace kasuwa na tsawon lokaci.

Garejin kan iyaka fili ne da rumfa, da rami ko tudun hawa, da ƙarafa uku da sarƙa na ɗaga inji. Aikin a rabe yake: makanike na inji da giya, mai bugun jiki na lotsawa da tsatsa, ga mai walda, ga mai haɗa waya, ga mai fenti, ga mai ɗinkin kujeru. Yaro kan shiga hannun maigida tun bai kai shekara ashirin ba, ya fara da wanke ƙarafa cikin fetur da miƙa sifana, ya yi shekaru kafin a bar shi ya taɓa kan inji. A Benin al'ada ce a yi wa almajirin sana'a bikin yaye idan ya ƙware, iyaye su kawo abin da aka yanka musu, maigida ya sa masa albarka a gaban 'yan sana'a. Ba da littafi ake koyarwa ba. Ana gane matsala da ƙarar inji, da warin hayaƙi, da launin bakin fulogi, da ɗora tsinin sukundireba a jikin inji a kara kunne a ƙotarsa. A gareji guda ana jin Dendanci da Hausa da Faransanci da Yarbanci, domin direbobin ƙasashe uku ne ke kawo aiki.

Ƙarancin kaya ya koyar da dabara. Ana yanka roba daga tsohuwar taya a maye gurbin wadda ta cinye a ƙafar mota, a yanka gaskit daga kwali, a liƙe lagireto da dalma, maƙeri ya buga ƙarfen da babu shi a kasuwa. Wannan ilimi abin girmamawa ne ƙwarai, domin shi ya riƙe sufurin yanki guda a lokacin da babu mai kawo agaji daga ko'ina. Sai dai ba duka dabarun ne alheri ba. Cire na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji, wanda aka ɗauka maganin zafi ne, kan sa inji ya daɗe bai kai ɗumin aikinsa ba, ya riƙa cin kansa a hankali. Zuba ruwan rijiya ko na kogi zalla a lagireto na cinye kan alminiyom da mazaunin bututun silinda. Walda a ƙarfen sitiyari da toshe bututun burki don hana yoyo kuwa caca ce da ran fasinja. Duk mai son raya tsohuwar mota a yau, irin waɗannan gyare-gyaren na jiya ne zai fara warwarewa.

Yanayin ƙasar ma na da nasa tasirin. Iskar teku mai gishiri na cinye motar Kwatano da tsatsa, alhali busasshiyar iskar Malanville na barin ƙarfe lafiya. Amma ranar bazara, da kan haura digiri 40, tana fasa robar gaban direba, ta ƙone fenti, ta busar da robobin ƙofa da na gilashi. Ƙurar hunturu na shiga inji da zarar matatar iska ta yage. Gargadar burji na tsaga jiki a gindin sifirin. Motar da aka jingine a kwari kusa da kogi kuwa, ambaliyar damina ɗaya ta isa ta ruɓar da ƙasanta.

Sauyin ya fara ne daga aljihu. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar motar Kaduna ta fi ƙarfin ma'aikaci da direba. A watan Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, sabuwar mota daga Faransa ta ninka kuɗi dare ɗaya. Kwatano ta zama babbar ƙofar motocin gwanjo, waɗanda ake tarawa a unguwar Heyvaert ta birnin Brussels a loda su a tashar Antwerp ta Beljiyam, daga baya aka ƙara da na Amurka. Da yawa daga cikinsu an yi musu takarda ne a matsayin masu wucewa zuwa Nijar. Ayari-ayari ake koro su daga bakin teku, su iso Malanville, su haye gada, su nufi Birnin Ƙonni da Maraɗi, inda kaso mai yawa ke juyawa kudu su shiga Najeriya a matsayin 'yan Kwatano. Garin ya ci moriyar wannan kai-komo: direbobin kora, da masu fitar da takardu, da masu abinci, da masu masauki duk sun samu. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙiyasta cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo.

Abin da wannan ambaliya ta yi wa tsohon ilimin gareji bai fito fili nan da nan ba. Da injin gwanjo sukutum ya fi ɗaurin tsohon inji araha, mai mota ya daina ɗauri, ya koma sauyi. Tasha ta karɓi 505, sannan Toyota Carina da Corolla da Hiace, a gefen Najeriya kuma Golf da 406. Sababbin cikinsu ba su da kafireto, ƙaramar kwamfuta ce ke auna musu mai da wuta, kuma ba a gane ciwonsu da kunne sai an jona na'ura. Makanike ya zama mai cirewa da sakawa. Gwanin kafireto, wanda a da ake layi a gabansa, aikinsa ya ragu har yaransa suka watse. Baburan Sin da Indiya, da suka cika kasuwa daga shekarun 2000, sun ɗauke gajeriyar tafiya, sun kuma janye samarin da da garejin mota za su shiga, domin gyaran babur ya fi saurin koyo da saurin kawo kuɗi. Manyan motocin safa irin na Rimbo sun ɗauke fasinjan Yamai zuwa Kwatano. Babur mai ƙafa uku ya gaji aikin a-kori-kura a cikin gari da ƙauyukan kusa.

Cinikin tsohon ƙarfe ne ya ƙarasa aikin. Da farashin ƙarfe ya tashi a duniya a shekarun 2000, 'yan gwangwan suka bi gareji-gareji da bayan gidaje suna sayen gawar mota da awo. Waɗannan gawarwaki, da ake gani kamar shara, su ne rumbun kayan gyara: ƙofa, da fitila, da gilashi, da hannun ƙofa, da ƙananan ƙarafan da babu mai ƙera su kuma. Abin da aka yanka da wuta aka loda zuwa tukunyar narka ƙarfe ya tafi ke nan. Asara ce babba, kuma an yi ta cikin 'yan shekaru ba tare da an lura ba.

Adana tsohuwar mota don darajarta ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, sai dai a fada da gidan gwamnati aka san shi. Ana lissafa Sarkin Katsina Muhammadu Dikko cikin sarakunan Arewa na farko da suka mallaki mota. Fadar Kano ta riƙe tsofaffin Rolls-Royce da ake fito da su a ranakun biki. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas. Waɗannan motocin mulki ne. A gari irin Malanville kuwa, wanda ke riƙe tsohuwar mota galibi tsohon direba ne da ya ajiye tuƙi ya ƙi rabuwa da ita, ko makanike da ya fanshi wadda ya daɗe yana gyarawa, ko ɗan da ya gaji motar mahaifinsa, ko ɗan kasuwar da ya mallaki sababbi amma zuciyarsa na kan wadda ya fara fatauci da ita. Motar ma ba irin wadda ake rububi a Turai ba ce. Can an fi ɗaukaka 504 mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya ƙera wa jiki daga 1969, kuma ba su ne suka cika hanyoyin Afirka ta Yamma ba. Abin da ya rage a nan shi ne doguwar haya, da a-kori-kura, da mai ƙofa huɗu ta tsohon ma'aikaci, tare da Marsandi 200 da 230 na shekarun 1970 da 1980.

Raya irin wannan mota aiki ne na shekaru, domin ana yinsa ne gwargwadon abin da aljihu ya bari. Masu hankali da ƙasa suke farawa. Jikin 504 shi ne ƙashin bayanta, ba ta zaune a kan wani firam dabam, saboda haka idan dandamalin ƙasa da gindin sifirin sun ruɓe ko sun tsage, duk kuɗin da aka zuba a fenti ya tafi a banza. Bayan an yanke ruɓaɓɓen ƙarfe an ɗinke sabo, sai burki da sitiyari, sannan inji da giya, sannan a zare tsofaffin wayoyin da aka yi wa ƙari sama da ƙari a ja sababbi. Fenti da kujeru su ne na ƙarshe, ko da yake su ne ido ke fara gani, kuma yawancin masu gaggawa da su suke farawa. Kayan inji har yanzu ana samunsu, a Kwatano, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, ko Katako ta Yamai, amma sai an san yadda ake rarrabe na asali da na kwaikwayo. Mafi wuyar samu su ne ƙananan kayan ado: fitilun gaba masu siffarsu ta musamman, da farin ƙarfen bamba, da agogon gudu, da tambarin zaki. Sau da yawa sai an sayi mota biyu ko uku matattu kafin a tada guda. Wanda ya fi kaya wuyar samu kuwa shi ne dattijon da ya san yadda ake daidaita kafireto da wuta, kuma wanda ya same shi ya kamata ya zaunar da yaro kusa da shi har aikin ya ƙare.

Akwai kuma tambayar da mai rayawa na Turai ba ya yawan fuskanta: wane kamanni za a mayar da motar? A ƙa'idar masu tara motoci, asali shi ne yadda ta fito daga masana'anta. Amma 504 da ta yi shekara talatin tsakanin Malanville da Parakou ta ɗauki wasu abubuwa a hanya. An ƙarfafa mata sifirin, an ɗora mata keriyar da mai waldan gari ya haɗa, an rubuta mata lambar ƙungiyar direbobi a ƙofa, an zana addu'a ko kirari a gilashin baya, wataƙila injin da ke cikinta na Kaduna ne alhali jikin na Sochaux. Wanda ya kankare duk wannan ya samu mota irin dubban da ke ajiye a Faransa, ya kuma share abin da ya sa tasa ta bambanta. Ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne a raba gyaran da ke da haɗari da alamun aiki: na farko a cire shi ba tare da tausayi ba, na biyu a bar shi, a gyara shi, domin shi ne shaidar yadda aka yi sufuri a wannan yanki rabin ƙarni. Tsohuwar takardar rajista, da littafin inshora, da rasit ɗin duwan, da hoton direba a gefen motarsa, duk suna cikin abin da ya kamata a adana tare da ita.

Mai da iyaka su ne suka ƙara tsananta lamarin a 'yan shekarun nan. Tsohon inji mai kafireto mashayin mai ne, 504 mai lodi kan wuce lita 10 a kilomita 100. Abin da ya daɗe yana rufa mata asiri shi ne fetur ɗin Najeriya mai rangwame da ake sayarwa a kwalba da jarka a bakin hanya, wanda mutanen Benin ke kira kpayo, duk da ƙurar da yake kai wa kafireto. Da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, farashinsa ya yi tsalle a Benin da Nijar, tsohuwar motar haya ta daina fitar da kuɗin manta. Kafin nan Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, ta kuma rufe iyakokin gaba ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, abin da ya rage ayarin 'yan Kwatano ƙwarai. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya rufe gadar Malanville, ɗaruruwan manyan motoci suka yi cirko-cirko a bakin hanya. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da toshe nata gefen, mutane da ƙananan kaya suka koma kwale-kwale. Masu garejin da ke cin abinci daga masu wucewa sun ji jiki, kuma makaniken da aiki ya yanke masa shi ne kan fara sayar da gawar motar da ya daɗe yana tanadi.

A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da ƙa'idar taƙaita shekarun motocin da ake shigowa da su, shekara 5 ga ƙanana, shekara 10 ga manya, tare da ƙa'idar tsabtar hayaƙi da wa'adin da aka ba ƙasashe su aiwatar. Manufar ita ce rage gurɓatar iska da haɗurra, kuma manufa ce mai kyau ga lafiyar mazauna garuruwan kan hanya. Ga mai raya tsohuwar mota kuwa, ma'anarta ita ce ƙofar da Fijo ta daɗe tana shigowa ta cikinta daga Turai za ta ƙara ƙuntata, ga masana'antar Kaduna ta riga ta daina ƙera 504. Motocin da za a iya rayawa a Malanville da Gaya da Kandi su ne waɗanda suka riga suka shigo, masu tafiya da waɗanda ke jingine a bayan gidaje, kuma daga jikin matattun cikinsu ne za a ci gaba da samun ƙofa da fitila da gilashin da masu ran ke bukata.